Bindigar iska mai harbi a jere: yadda take aiki, gudunta, da abin da doka ta ce a kanta

Daga Namtari, Yola ta Kudu



Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin matasanmu masu bin tirelar shanu daga Mubi da Ngurore zuwa Kudu, da masu zaman kasuwa a can. Wai akwai ƙaramar bindiga, fistol sak, wadda ba ta cin albarushi, iska take amfani da ita, tana harbi a jere kamar ta sojoji, kuma wai ba ruwan hukuma da ita tunda "ba bindigar gaske ba ce". Ana ganin bidiyonta a TikTok da Facebook, ana tura wa juna a WhatsApp. Wanda kuwa ya taɓa kwana a hanya da kuɗin shanu a jikinsa, ko 'yan shila suka taɓa tare shi a Jimeta suka karɓe waya, dole irin wannan magana ta shiga kunnensa.

To bindigar dai akwai ta, ba ƙarya ba ce. Amma rabin abin da ake faɗa a kanta ganin kitse ake yi wa rogo. Bari mu bi ta daki-daki: me ke tura harsashinta, ta yaya take maimaita harbi, nawa ne gudunta, sannan me zai faru da wanda aka kama da ita a Najeriya.

Me ke tura harsashin?

Bindigar toka ta mafarauta da AK-47 duk hanyarsu ɗaya: albarushi ya kama da wuta, hayaƙinsa ya kumbura a take, ya wurgo harsashi. Ita bindigar iska babu wuta a cikinta sam. An matse iska ko gas ne a wani ɗan wuri, idan aka ja kunama sai a sake shi a bayan harsashi. Hanyoyin matsewar guda huɗu ne.

Ta farko mai sifirin. Kana karya bututun bindigar ƙasa, sai ka danne wani ƙaƙƙarfan sifirin da fistan a gabansa. Ka ja kunama, sifirin ya saki, fistan ya ruga gaba ya matse iskar da ke gabansa, kamar famfon keke idan ka buga shi da ƙarfi. Wannan harbi ɗaya ce, sai ka sake karyawa.

Ta biyu mai famfo a jiki. Kana buga hannunta sau uku zuwa goma, iska ta taru a bayan bawul. Ita ma harbi ɗaya, sai sabon bugu.

Ta uku ita ce wadda ake cika wa iska tun kafin a fita. Tana da 'yar tukunya a ƙarƙashin bututu, ana ɗura mata iska da babban famfo ko tukunyar masu nutso a teku. Ita ce mafi tsada, kuma irinta 'yan gasa ke riƙewa.

Ta huɗu ita ce mai gas, kuma kusan duk waɗanda kuke gani a bidiyo ita ce. Ana cusa mata wata 'yar silinda ta ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa a cikin mariƙi, da gram 12 na iskar kabon a ciki, wato gas ɗin nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Kamfanin Crosman na Amurka ne ya fito da wannan silinda a 1954, har yau kuma ita ake amfani da ita. Idan aka ɗaure ta, wata 'yar allura ce ke huda bakinta, gas ya cika bayan bawul yana jira.

Don ku gane ƙarfin matsin, ku tuna gejin mai faci. Tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 ake ba ta. Tayar tirela tana shan 100 da 'yan kai. Ita wannan 'yar silinda, a ɗaki mai sanyi-sanyi, matsin cikinta ya kai 850 a wannan ma'auni. Tukunyar ta 'yan gasa kuwa har 3,000 ake ɗura mata. Kun ga ba abin wasan yara ba ne tun daga nan.

Harsashinta iri biyu ne

Akwai ƙwallon ƙarfe, kamar ƙwayar boris ɗin keke, faɗinsa kusan milimita 4.5, nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku na gram. A kwali za ku ga an rubuta BB. Sai kuma na darma, mai kai da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi kamar turmi, nauyinsa wajen rabin gram. Na darma ya fi saiti, domin bututun da ake harba shi yana da zane a ciki mai murɗa shi yana juyawa kamar katantanwa, gindin nasa kuma yana buɗewa ya toshe iska kada ta zurare ta gefe. Na ƙarfe bututunsa sumul ne, saitinsa bai kai ba, kuma yana da mugun hali guda: idan ya bugi bango ko ƙarfe ko dutse, dawowa yake yi. Mai harbi da wanda ke tsaye a gefensa duk yana iya samunsu.

Kada a haɗa waɗannan da bindigar da ke harba ƙwallon roba mai faɗin milimita 6, irin wadda ake yin wasan yaƙi da ita a ƙasashen waje. Waccan ta fi rauni, ko da yake ita ma tana lalata ido.

Yadda take maimaita harbi

Kafin bindiga ta yi harbi a jere sai abu biyu sun samu: sabon harsashi ya shigo bakin bututu da kansa, sannan a sake buga bawul ba tare da an tsaya ɗana wani abu ba.

Wajen kawo harsashi dabara biyu ce. Na ƙarfe tunda zagayayye ne kuma ba ya lotsewa, jera su ake yi a dogon gidan harsashi, guda 15 zuwa 20, sifirin yana turo su sama ɗaya bayan ɗaya. Wasu bindigogin har da ɗan maganaɗisu da ke riƙe na gaba kada ya gangaro ya faɗo. Na darma kuwa yana da laushi, idan aka danne su a layi za su lotse su maƙale. Saboda haka sai aka yi masa 'yar ganga mai ramuka 8 ko 10, kowane harsashi da raminsa. Duk jan kunama, gangar ta juya rami ɗaya. Walther CP88 mai 8 ce, Crosman Vigilante mai 10.

Wajen buga bawul ma hanya biyu ce. A ta farko ɗan yatsanka ne ke yin aikin duka: jan kunama shi ke juya ganga, shi ke ja da guduma baya, shi ke sakinta. Gudumar ta bugi bawul, ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido, gas kaɗan ya fita, sifirin da matsin ciki su mayar da shi ya rufe. Irin wannan kunamarta tana da nauyi, amma ba ta ɓarnar gas.

A ta biyu gas ɗin ne ke taya ka. Idan bawul ya buɗe, kaso ɗaya ya bi bayan harsashi, ɗaya kason ya tura murfin saman bindigar baya. Murfin ya ɗana guduma, sifirin ya dawo da shi gaba, shi ke nan ta shirya wa harbi na gaba. Wannan ce ke burge matasa a bidiyo, domin tana zillo a hannu kamar fistol ta gaske. Sai dai duk gas ɗin da ya tafi wajen girgiza murfi an rage shi ne daga harsashi. Shi ya sa mai girgiza takan fi rauni, kuma silindarta ta fi saurin ƙarewa. Silinda ɗaya tana bayar da harbi kamar 40 zuwa 80 gwargwadon ƙirar bindiga, mai girgiza tana can ƙasa-ƙasa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wajen 1779 wani maƙeri mai suna Girardoni ya ƙera wa sojojin Ostiriya doguwar bindigar iska mai ɗaukar harsashi kusan 20, a zamanin da kowa ke ɗura bindiga ta baki kamar bindigar toka. Matsalarta, kafin a cika tukunyarta sai an yi bugun famfo wajen 1,500, ga saurin lalacewa, daga baya sojojin suka ajiye ta. A 1960 kuma Crosman ya fitar da fistol mai lamba 600, mai gas, mai harbi 10 a jere.

Gudu iri biyu ne, kada a rikita su

Idan aka ce bindiga tana da sauri, a tambaya: saurin me? Akwai yawan harbi a minti, akwai kuma gudun shi kansa harsashin. Masu talla sun fi son a ji na farko.

Yawan harbi. Galibin fistol mai iska jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, saurinta saurin ɗan yatsanka. Mai hannu da sauri zai iya sakin uku ko huɗu a daƙiƙa, wato gida mai ɗaukar 18 zai ƙare cikin daƙiƙa biyar ko shida. Akwai 'yan kaɗan masu ɓarin wuta idan aka danne kunama. Drozd ta Rasha tana aiki da batir, ana saita ta a kan 300 ko 450 ko 600 a minti, tana sakin ɗaya ko uku ko shida a jan kunama guda. Steel Storm ta kamfanin Umarex na Jamus tana sakin shida-shida. Akwai wata doguwa ta Crosman da suka ce tana kai 1,400 a minti, alhali gidanta harsashi 25 yake ɗauka, wato daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ta zazzage komai. AK-47 kuwa 600 take yi a minti. To kun ga a lissafin yawan harbi, bindigar iska tana iya kamo AK har ta wuce ta. A nan ne mutane ke ruɗuwa.

Gudun harsashi. A jikin kwali za ku ga lamba da haruffa FPS a gabanta, ma'ana ƙafa nawa harsashi ke ci a daƙiƙa ɗaya. Fistol mai gas yawanci tana tsakanin 300 da 480. Mu ɗauki 400. Wannan mita 122 ne a daƙiƙa, ko kilomita 440 a awa. Idan aka ji haka sai a ce lallai abin ya kai. Amma harsashin fistol ta gaske mai milimita 9 yana fita da wajen mita 360 a daƙiƙa, ya ma ɗara gudun sauti kaɗan, na AK kuma ya haura mita 700. Sannan lambar kwali da harsashi mafi sauƙin nauyi ake auna ta, a yanayi mai kyau. A hannunka da wuya ta kai haka.

Gudu kaɗai ma ba shi ne ƙarfi ba, sai an haɗa da nauyi. Masana suna auna ƙarfin duka da wani ma'auni da ake kira jul. Ƙwallon ƙarfen da muka ce, a gudun mita 122, bai cika jul 3 ba. Kamar a saki dutse mai nauyin kwatan kilo ne daga tsayin mita ɗaya. Harsashin milimita 9 yana da wajen jul 500, kamar buhun siminti ya faɗo daga wannan tsayi. Na AK wajen jul 2,000, buhu biyu na masara kenan masu kilo ɗari-ɗari. Wato fistol ta gaske ta ninka ta iska kusan sau 200, AK ta ninka ta fiye da sau 700. Ko ka zazzage wa mutum gida guda na ƙwallayen nan, duka-duka ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na harsashin fistol guda ɗaya ba.

Ƙasashen da suka bar mutane su riƙe ta ma da wannan ma'auni suke yanka iyaka. A Jamus jul 7.5 ne, ana buga wa bindigar harafin F a jiki. A Birtaniya fistol mai iska ba ta wuce kimanin jul 8 ba, doguwa kuma kimanin 16.

Abin da zafin Yola ke yi mata

Ga wani abu da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Gas ɗin da ke cikin silinda yawancinsa ruwa-ruwa ne, kamar na tukunyar girki da kake jin yana motsi idan ka girgiza. Duk harbin da aka yi, kaɗan daga ruwan ya tashi ya zama iska ya cike gurbi. Shi ya sa ƙarfin harbi ke zama kusan ɗaya har sai ruwan ya ƙare, daga nan kuma ya faɗi warwas.

To shi ruwa idan zai zama iska sai ya ja zafi daga jikin abin da ke riƙe da shi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi kenan. Idan ka yi harbi da sauri a jere, silindar tana yin sanyi ƙarara har ka ji a tafin hannu, matsi ya sauka, harsashi na goma ya fita da rauni fiye da na farko. Ma'ana iya saurinka iya rauninta. Sai ka dakata ta ɗumama kafin ƙarfin ya dawo. Da asubahin hunturu ma haka take, lagwani.

Zafi kuma nasa ya fi muni. Iskar kabon idan ta wuce digiri 31 ba ta zama ruwa daban iska daban, kuma daga nan matsin yana hawa da sauri. Mu nan Namtari da Jimeta, a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Idan matsi ya yi yawa, guduma ba ta iya buɗe bawul yadda ya kamata, sai bindiga ta yi ɗan tari ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Robobin da ke toshe gas su ma suna gajiya su fara yoyo. Kamfanonin da kansu suna rubuta gargaɗi kada a bar silinda a wurin da ya kai digiri 50, domin tana iya fashewa. Gaban tirelar da aka faka a rana a Numan ko Wukari, gilasai a rufe, yana wuce haka cikin sauƙi.

Ba ta tare ɗan fashi, amma tana cire ido

Yanzu a haɗa lissafin. Mutumin da ya tare hanya da AK, ko ya zo ɗaukar mutum cikin dare, jul 3 ba zai tsayar da shi ba. Riga mai kauri ma tana rage mata ƙarfi. Abin da za ta yi kawai shi ne ta sa ya ɗauka kai ma da makami kake, ya riga ka harbi. Wanda da kuɗi kaɗai za a karɓe masa, sai a karɓi ransa.

Amma kada wani ya ce to ai abin wasa ce. Wancan ɗan ƙarfin a kan tsinin da bai kai ƙwayar wake ba yake taruwa. A kusa yana huda fata ya zauna a cikin nama. Ido kuwa ko rabin wannan gudu ya ishe shi fashewa, kuma idon da ya fashe sau da yawa ba ya dawowa. Yaro ƙarami ƙashin gefen kansa bai yi ƙwari ba, wuya ma akwai jijiyoyin jini a kusa da fata. Dogayen bindigogin iska, waɗanda suka ninka fistol ƙarfi sau da dama, sun sha kashe mutane a ƙasashen da ake yawan riƙe su, galibi yara a hannun 'yan uwansu.

Masu tunanin korar kare ko akuyar maƙwabci ko saniyar da ta shiga gona da ita, su ma su sani. Dabba ba za ta faɗi ba, amma ƙwayar za ta shige ƙarƙashin fata, wurin ya ruɓe, ƙuda ya sa tsutsa. Ɗan kasuwar shanu ya san yadda miki ɗaya ko ido ɗaya ke karya farashin sa a kara. Sannan a garin da ake zaman doya da manja tsakanin manomi da makiyayi, wannan kaɗai ya isa ya tayar da fitinar da ba a san ƙarshenta ba.

Idan tsautsayi ya faru ƙwaya ta shiga ido, kada a murza, kada a wanke, kada a ɗiga komai, kada a yi ƙoƙarin cirewa. A kifa ɗan kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure, a nufi asibitin da ke da likitan ido nan take. A Legas akwai cibiyar ido ta Guinness a LUTH, nan Idi-Araba. A Ibadan akwai UCH. A Onitsha ma akwai cibiyar Guinness. A Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. A gaya wa likita ko ƙwayar ta ƙarfe ce ko ta darma, domin akwai na'urar hoto mai maganaɗisu da ba a saka mai ƙarfe a jiki. Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye yaro a gida: tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Me doka ta ce?

Nan ne maganar "ba ruwan hukuma" ta rushe. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Gida na farko haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da fistol ta albarushi, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Gida na uku bindigar toka da danginta, lamarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gida na biyu kuwa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a cikinsa aka ambaci bindigar iska da sunanta, doguwa da gajeriya, tare da bindigar harbin tsuntsu da bindigar sumar da dabba ta mayanka. Riƙe ta babu lasisi laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Wanda bai kai shekara 17 ba ma ba a ba shi lasisin. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai.

Na biyu, hukumar Kwastam tana da jerin kayan da aka haramta shigo da su kwata-kwata, kuma fistol mai iska ita ce ta farko a jerin. Saboda haka duk wanda ya nuna maka sabuwa a kwali ya ce daga waje aka kawo, ka san ta wace hanya ta shigo. Wanda ya yi odarta ta intanet kuma, da sunansa da lambar wayarsa kayan za su iso tashar jirgi.

Na uku, dokar fashi da makami ta 1984 ta lissafa bindigar iska a cikin makamai, tare da adda da wuƙa da kwari da baka. Yaron da ya nuna wa mutum ita ya karɓi waya, ko da babu gas a ciki, tuhumar fashi da makami ce a kansa, hukuncinta kuma kisa ne. Iyaye a ji wannan da kyau.

Hatsarin kama

Kamfanin Umarex yana da izinin ƙera bindigogin iska da siffar Glock da Beretta da Walther, da tambarinsu da nauyinsu. Ko a hannu ka riƙe sai ka duba da kyau kafin ka bambance, balle daga nesa, balle da dare a shingen bincike. A Amurka, a watan Nuwamban 2014, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, a birnin Cleveland, yana wasa da bindigar ƙwallon roba mai kama da ta gaske. A watan Agustan wannan shekarar an harbe John Crawford a cikin kanti a jihar Ohio yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar shagon. Can kenan, inda doka ta yarda a sayar da ita.

Mu kuma ba sai an ba mu labarin nesa ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan jihar Kano daga Fatakwal za su gida yin Sallah. An ga bindigogin farauta a motar, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu, Ya bi musu haƙƙinsu. Laifin wannan ta'asa yana kan waɗanda suka aikata ta, babu wani uzuri. Amma ta nuna mana yanayin da muke tafiya a cikinsa. Idan bindigar toka, wadda kowane ƙauye a Najeriya ya san ta mafarauci ce, ta jawo haka, me ake tsammani idan aka zaro abu mai siffar Glock daga jakar yaron mota a Obollo-Afor ko Okigwe? Wa zai tsaya a buɗe mariƙi a nuna masa silinda? Kuma abin ba a kan mai jakar kaɗai zai tsaya ba. Direba da sauran 'yan rakiya da dukiyar mutane da ke bayan mota, har da 'yan uwa masu shago a garin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, duk sai ya shafe su.

To ina amfaninta?

Tana da shi, a wurinsa. Harbin saiti da fistol mai iska wasa ne na Olamfik tun gasar Seoul ta 1988. Ana tsayawa mita 10 daga allo, a riƙe bindiga da hannu ɗaya, a yi harbi 60 cikin minti 75, ana neman tsakiyar da faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Abin lura, bindigar waɗannan gwanaye harsashi ɗaya-ɗaya ake sa mata. Su da suka fi kowa sanin abin, natsuwa suke nema, ba ruwansu da ɓarin wuta. Matashin da ke sha'awar wannan fanni ya nemi hanyarsa ta hukumar wasanni ta jiharsa, inda akwai fili da mai koyarwa da izini.

Maganar tsaron hanya kuwa, abin da ya fi kare ɗan kasuwa sananne ne. Kuɗin shanu su bi ta banki ko POS, kada su kwana a aljihu. A yi tafiya cikin ayari, a guji ratsa dajin da aka sani da dare. Kowane ɗan rakiya ya riƙe katin shaidarsa da na ƙungiya, takardun dabbobi su cika, lambar shugaban kasuwa da ta Sarkin Hausawan garin da za a sauka su kasance a waya. Masu motoci da iyayen gida su riƙa sanin abin da ke cikin jakar yaransu kafin mota ta tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya jefar a bola yara su tsinta, kada ya sayar wa wani ya tura masa bala'i. Ya cire silindar, ya sami Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyarsa, su nemi lauya ya raka su a miƙa ta ga 'yan sanda a rubuce. Idan Sallah ta matso kuma, iyaye a duba irin bindigar wasan da ake saya wa yara. Duk wadda ke fitar da ƙwaya, ta roba ce ko ta ƙarfe, a bar ta a shago.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.